Rasuwar Zalɓe, Mai Sauko da Alloli

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin cikin zafi, ni Timagora, matar marigayi kafintan dandalin wasa na garin Torikos, nake sanar da rasuwar Zalɓe, dogon gungumen nan mai igiya da ƙugiya da mijina ya kafa a bayan dandali. Ya rasu a rana ta biyu ta bikin inabi, a gaban gari kaf, yana da shekara talatin da ɗaya.

Jikokina, kun san aikinsa. In mai tsara wasa ya cukurkuɗa labarinsa, uwa ta zare wuƙa a kan ɗanta, ba gaba ba baya, sai a rataya ɗan wasa a wuyan Zalɓe, a lilo da shi ta saman rufi a matsayin ɗaya daga cikin alloli, ya raba gardama, kowa ya koma gida cin ɓaure. Bai taɓa yar da kowa ba. Maganarsa ɗaya ce, "ƙiiii", ita ma in an shafa masa man zaitun sai ya haɗiye ta.

Ciwon ajalinsa mutum ne, sunansa Kalistomos, mai tsara wasan da ko a bakin rijiya bai iya ƙarasa labari ba. Bana ya ƙulle nasa har abin bauta ɗaya ba zai kwance shi ba, sai ya ce uku za su sauko tare, da dokinsu na katako. Ɗana Mikkiyon, magajin igiyar, ya ce, "Maigida, tsoho ne fa."

Kalistomos ya ce, "Ɗan kafinta, ja igiya, tunani namu ne."

Wanda ya fito a matsayin abin bautar teku shi kaɗai ya kai nauyin randa biyu. Zalɓe ya ce "ƙiiii", ya ce "ƙas". Alloli uku suka zubo kan 'yan amshi, ɗaya yana kiran uwarsa.

Da na yafe. Amma sai mutumin nan ya rantse wa alƙalan gasa cewa ɗana a buge yake, suka haramta masa igiya har abada. Mikkiyon da ko giyar da aka sirka da ruwa bai kurɓa ba ranar.

Marigayin ya bar igiya, da ƙugiya, da ƙanwarsa amalanken turo gawar wasa kan dandali.

Za a ƙone shi gobe kafin rana ta fito, a binne tokar kusa da mijina. Mai zuwa ya zo da madara da zuma. Na sa an rubuta mini tsinuwa a kan Kalistomos a fallen dalma, harshensa da hannunsa da wasansa na baɗi. Zan naɗe, in soke da ƙusar Zalɓe, in binne su tare, ya sauka da saƙon wurin allolin ƙarƙashin ƙasa.

'Yan wasan sun warke. Mikkiyon yana facin kwalekwale a bakin teku. Kalistomos yana nan lafiya, zuwa gobe.