Ranar da Na Share Sunayen 'Yan Aji Shida

Ba zan taɓa mantawa ba, abin da na fara gani da na shiga ɗakin kwamfuta ranar nan shi ne ramin da ake zura faifai a jikin kwamfutar. Babu komai a ciki. Faifaina yana kan tebur, an ɗora kofin shayi a kansa. Na gani, na kuma yi shiru, don ni a lokacin ko fitsari ya matse ni ba na iya ɗaga hannu.

Ina aji huɗu a makarantar 'yan mata a Kaura Namoda, shekara biyu da fara Shari'a. Kwamfuta ɗaya gare mu, ana lulluɓe ta da leshi. Malama Rabi, 'yar Zurmi, ita ke koya mana, kuma ita ta zaɓe ni in nuna wa baƙi daga Gusau 'yar manhajar da na rubuta mai haɗa makin jarrabawa. (Ba ƙoƙari ya sa ta zaɓe ni ba, ni kaɗai ce ba na tauna cingam a ɗakin.)

Manhajar tana barin tarkacen fayiloli idan ta gama. Sai na ƙara mata layi ɗaya da na kwafa daga littafin Malama ba tare da na gaya mata ba: SHELL "DEL *.*". Wato manhajar ta kira wani umarni na waje, ta ce masa ya share komai. Kamar ka aiki mutum da tsintsiya ne, ɗakin da ya tsinci kansa shi zai share. A kan faifaina ya saba tsintar kansa, inda babu abin asara, don ina da kwafi a littafi.

Da safen ranar da baƙin za su zo, Malama ta juye manhajar cikin kwamfutar don ta fi sauri. Ta ajiye ta wuri ɗaya da sunayen 'yan aji shida da makinsu, waɗanda ta yi mako uku tana bugawa da yatsu biyu duk lokacin da aka tada janareta. Jibi za a kai su Gusau don rajistar jarrabawar fita.

Baƙi suka zauna, maza gefe, mata gefe. Manhaja ta yi aiki, aka tafa. Wani mai babbar riga ya ce, "Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka." Sannan allon ya tambaya ko na tabbata a share komai. Na karanta tambayar, na san faifaina yana ƙarƙashin kofi, amma ido ashirin na kaina, kuma yatsana ya saba. Na danna Y, wato na yarda.

Shugabar makaranta, wadda muke kira Hajiya, ta ce a nuna wa baƙi sunayen 'yan aji shida. Malama ta nema. Ta sake nema. Na ga gumi ya ɓata bakin hijabinta.

"Rabi, ina sunayen?"

"Hajiya, sun ɓace."

"Ɓacewa kamar akuya?"

Babu wanda ya yi dariya. Malama ta zura faifaina, ta buɗe manhajata, ta ga layin, ta dube ni sau ɗaya, ta ce, "Laihina ne, Hajiya. Ban duba ba." A gaban baƙi aka karɓe mata makullin ɗakin. Ni kuwa ina tsaye ina ƙirga tururuwan da ke bin gindin kofin.

Kafin la'asar labari ya gama ɗakin kwana. Wata 'yar aji shida daga Shinkafi ta tare ni a bakin famfo. "Ke ce injiniyar? In ban zana jarrabawar nan ba, babana ya ce karatu ya ƙare. Ki rubuta wannan ma a kwamfutarki."

Daga ranar na san ido mai gani ba ya amfanin kowa idan bakin mai shi a ɗinke yake. Bayan sallar la'asar na je gidan Malama, na tsaya a ƙofa na yi sallama.

"Mi kika zo yi?"

"Malama, don Allah ki raka ni wurin Hajiya in faɗa mata ni ce na ƙara layin. In ta yarda, ki riƙa karanto mini sunayen daga takarda ina bugawa."