A Dawo Mana da Harshen Gwaggo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Asusun Haɗa Ƙananan Masana'antu da Jami'o'i da Ƙwararru,

Ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa irin ta wanda aka taimaka wa har ya rasa inda zai sa kansa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da sanyin ofis. Ni ne mai sabulun da ke lamba ta 214 a jerin waɗanda suka ci gajiyar shirinka. Hotona ne a shafi na tara na rahotonka, ina murmushi, riƙe da na'urar da a ranar na fara ganinta.

Masana'antarmu ɗaki biyu ce da rumfa, a bayan wani gareji. Mu shida ne. Ni nake awon mai da soda, ƙanena yana juya tukunya, matata da ƙawayenta biyu suna yanka da naɗewa. Ta shida ita ce Gwaggo, yayar mahaifina, aikinta kuwa ɗaya ne: idan sabulu ya daskare, sai ta ɓanɓari ɗan kaɗan ta taɓa a harshe. In ya cije ta, soda ta yi yawa, a mayar tukunya. In ta ce ya yi, to ya yi. Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa dawo mana da sabulu ba.

Abin da na nema a takardata injin yanka ne, saboda wayar da muke yanka da ita tana tsaga hannun matata. Aka sanar da ni cikin ladabi cewa injin yanka saye ne, ba ƙirƙira ba, don haka aka ba ni Farfesa. Na gode ƙwarai. Ga 'yan abubuwan da suka biyo baya, in ka samu sukunin dubawa.

Na ɗaya. Farfesa ya zo sau ɗaya, ya tsaya daga bakin ƙofa saboda takalminsa. Ya ga Gwaggo tana aikinta, ya tambaya ko tana da takardar shaida. Bayan wata biyu rahotonsa ya iso, shafi arba'in, muka zauna a rumfa ina karantawa kowa na ji. A shafi na goma sha ɗaya an rubuta cewa babban cikas ga ci gabanmu shi ne "wata dattijuwa mai lasar kaya". Na so in tsallake layin, amma Gwaggo ta ga idona ya yi tsalle, ta ce in koma baya. Da na gama, ta ɗauki kujerarta da kofin da take kurkure baki, ta ce tunda da takarda aka kore ta, da takarda za ta dawo, kuma mai hatimi. Yau wata biyar ke nan.

Na biyu. Na'urar da ta gaje ta kyakkyawa ce, ban yi musu ba. Sai dai tana son wuta wadda ba ta ɗaukewa, da wani ruwa na musamman da sai a jami'a ake samu. Kuma ba mu take gaya wa sakamako ba, kwamfutar Farfesa take aika wa, shi kuma ya sanar da mu. Farfesa yana ƙasar waje tun watan jiya yana gabatar da muƙala a kan nasarar da ya samu a kanmu. Ranka ya daɗe, a cikin ƙa'idojinku akwai inda aka bayyana yadda ake roƙon sabulu ya jira? Na gwada da nawa harshen. Kwana uku ban ji ɗanɗanon shayi ba, kuma ban gane komai ba.

Na uku. Na halarci bita sau bakwai. Na ƙware wajen manna ƙananan takardu masu launi a bango. Wata ƙwararriya ta ce in rufe ido in ɗauka ni ne sabulu. Na ɗauka.

Na huɗu. Mai wanki da guga na bakin titi, wanda shi ke ɗaukar rabin kayanmu, ya zo mini da ma'aikatansa uku, ya ce su buɗe hannuwansu. Duk sun saɓule. Bai ɗaga murya ba, ya ce albarkacin Gwaggo ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Kwana goma sha ɗaya suka rage, kuma in ya tafi sai mun rufe.

Na biyar, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami. Duk Talata ɗaliban Farfesa kan zo su karɓi gutsattsarin sabulu don bincike. Talatar da ta wuce na je gaida Gwaggo, sai na tarar da biyu daga cikinsu a durƙushe a ƙofar ɗakinta, da fararen rigunansu, da faranti cike da sabuluna, kowane da lamba. Tana taɓawa a harshe, suna rubutawa. Suka gaya mini, ba tare da wata kunya ba, cewa na'urar tana yawan kuskure, da bakin Gwaggo suke daidaita ta. Na leƙa littafinsu. Layi ɗaya an rubuta "Na'ura" a samansa, ɗayan an rubuta "Amsar daidai". Gwaggo ta ce su ai ba su zage ta ba, kuma sun iya gaisuwa. Wannan na'urar ce, in ban manta ba, ka miƙa wa lambar yabo da hannunka mai albarka.

Ba injin yanka nake roƙo yanzu ba, hannun matata ya yi kanta. Takarda nake roƙo, shafi ɗaya, da hatiminka, mai cewa Gwaggo ta iya aikinta. Idan doka ba ta yarda a yaba wa marar takardar shaida ba, a yi mata rajista a matsayin na'ura. Ba ta cin wuta, kuma shekara talatin da ɗaya ba a kai ta gyara ba. Sai a turo mana ita a matsayin tallafi, ni kuwa zan sake yin murmushi a hoto.

Ka yi haƙuri da tsawon wasiƙa, raina ne a ɓace. Matar nan ita ta rene ni bayan rasuwar mahaifina, kuma Farfesa rubutawa kawai ya yi ya wuce. Ni na karanta mata da bakina.

Allah ya ƙara girma, ya kare hatiminka daga bushewa kafin ƙarshen wata.

Naka mai biyayya, mai yawan godiya,

Mai Sabulu,
Lamba ta 214.