Romon da Na Ɓata wa Suna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ɗaga allon Inna Hadiza ba. Ƙanwar mahaifiyata ce, tana sayar da tuwon gero da romo kusa da tashar Filinge. Na dawo daga Yamai ke nan da 'yar takardar koyon zane a ordinatar, wato kwamfuta, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro rubutu. Da ta gyara rumfarta, sai ta ce in yi mata allon da fasinja zai hango tun yana cikin mota.

Na yi kwanaki ina zaɓen haruffa. A ƙarshe na samu waɗansu masu kauri, tsaye ƙyam ba ƙawa, O ɗinsu zagaye kamar bakin ƙwarya. Na ƙaunace su. Matsalarsu ɗaya, wanda ya zana su bai san ƙ mai lanƙwasa ba. Duk inda na buga ta, sai wani ɗan akwati ya fito. Na ce a raina wa zai kula da ɗan ƙugiya, na sa k kawai. (Ko sake karantawa ban yi ba, ina can ina sha'awar O.)

Ranar kasuwa aka kafa allon, ja a kan fari. Na tsaya gefe da sabuwar riga ina jiran yabo. Motar Bonkuku ta tsaya, direban ya leƙo, ya karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Romon kashi mai zafi! Hajiya, abin har ya kai haka?"

Ƙashi nake nufi, jama'a, ƙashin saniya. Tasha ta ɗauki dariya, har wata mata ta ajiye cokalinta. Haruffan da na zaɓa don a gani daga nesa kuwa sun yi aikinsu, babu wanda bai gani ba.

Inna ba ta karatun boko, sai da aka raɗa mata. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ta yi dariya har da share hawaye, ta ce wa direban ya sauko ya ɗanɗana kafin ya yi shaida. Sannan ta juyo gare ni.

"Ɗana, rubutunka ya yi kyau. Hau benci ka sa mishi abin da ya rasa."

Haka na hau da jan fenti, a gaban kowa, na lanƙwasa wa k kanta. Ranar romon bai kai azahar ba, don kowa na son ya ce ya ci. Inna ba ta taɓa gaya wa mahaifiyata ba, kuma ita ta kawo mini masu shaguna uku na farko da na yi wa aiki. Allah ya saka mata.

Yanzu duk kyan haruffa, sai sun rubuta mini ƙashi daidai kafin mu fara gaisawa.