Gaisuwa a Kan Ɗanyen Kankare

Ba zan taɓa mantawa da ranar da mahaifin Yagana ya ce in zo Gashuwa ya gan ni ba. Ko yanzu in na tuna, sai in ji tafin ƙafata ya yi sanyi.

Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Nguru. Yagana ta zo makarantarmu koyon aikin malanta, ta gama ta koma gida, ta bar ni da waya a kunne dare da rana. Da magana ta yi nisa sai ta gaya wa mahaifiyarta, mahaifiyar ta gaya wa mijinta Alhaji Bukar, shi kuma ya ce kafin kowa ya turo magabata sai ya ga yaron da idonsa. In ya ce a turo, na samu matar aure. In ya yi shiru, shi ke nan, sai in ci gaba da cin shinkafar bakin tasha.

Alhaji kuwa ba mutumin wasa ba ne. Yagana da bakinta ta ba ni labarin wani da ya taɓa zuwa neman yayarta, ya gaida Alhaji a tsaye, da baƙin tabarau, har da miƙa hannu. Alhaji ya amsa lafiya lau, ya sa aka kawo masa ruwan sanyi, daga nan bawan Allah bai sake jin ɗuriyar maganar ba sai katin ɗaurin aurenta da wani.

Sai na garzaya wurin Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, mai sayar da bandar kifi a kasuwar Nguru. Ya aurar da 'ya'ya mata da dama, shi ma ya kori nasa rabon na samari, don haka ya san kan abin.

"Ka cire takalmi tun daga bakin ƙofa," in ji shi. "Kada ka ɗaga ido ka kalle shi. Da ka ji muryarsa ka durƙusa a inda kake, kuma kada ka kuskura ka tashi sai an gama gaisuwa. Ko kunama ce ta harbe ka, ka daure."

Na haddace wannan fiye da yadda na taɓa haddace darasin da nake koyarwa.

Abin da ban sani ba shi ne aiki ake yi a gidan. Unguwarsu ta gangaren kogi ce, duk damina tsakanin get da rumfar mota sai ya koma taɓo, har motar Alhaji takan kafe a cikin gidansa sai maƙwabta sun taru sun tura. Tsohon daɓen duk ya farfashe. To a satin nan ne ya sa aka fasa shi, aka kawo yashi da tsakuwa da siminti, kuma a safiyar ranar da na je aka zuba sabon kankare tun daga get har rumfa. Yagana ta turo mini saƙo cewa in bi ta kan katakon da aka shimfiɗa a jikin katanga. (Ni kuwa na kashe wayar tun a cikin mota, don kada ta yi ƙara a gaban Alhaji a ce ba ni da tarbiyya.)

Mai keke ya sauke ni bayan azahar. Ina sanye da farar shadda, babbar riga da 'yar ciki, sai ƙamshi nake. Na ga tulin yashi a waje, na ga buhunan siminti da aka zazzage, na ga motar Alhaji a ƙarƙashin bishiyar maina maimakon cikin gida. Duk idona ya gani, amma kaina yana can yana bitar gaisuwa. Magina kuma sun tafi salla da cin abinci, babu wanda zai ce mini kul.

A ƙaramar ƙofar get an gitta igiya, an ɗaɗɗaura mata ledoji. Na cire takalmi, na ɗaga igiyar cikin ladabi, na sunkuya na wuce, har na juya na gyara ta yadda na same ta. Gabana fili ne sumul, baƙi-baƙi, yana sheƙi. Wallahi abin da ya zo raina shi ne an wanke tsakar gida saboda zuwana, har na ji wani ɗan daɗi. Can ƙarshen filin, ta gefen ido, na hango dattijo a kujerar roba riƙe da doguwar sanda. (Kaji yake kora da ita kada su taka masa aiki, amma a lokacin ni na ɗauka tawa ce.)

Takun farko na ji sanyi. Na gaba na ji laushi. Kafin saƙon ya taso daga ƙafa ya iso kai, na riga na yi nisa.

"Kai! Kai! Kai!" Alhaji ya miƙe tsaye.

Na ji muryarsa, kuma Kawu ya ce da na ji in durƙusa. Na durƙusa.

"Baba, ina wuni."

Dattijo dai ba ya ƙin amsa gaisuwa. Da wata murya kamar an shaƙe shi ya ce, "Lafiya."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya iyali? Ya jama'a? Ya muka ji da zafi?"

A nan fa na riga na gane inda nake. Yatsun ƙafata sun ɓace, kankare yana hawowa ta tsakaninsu a hankali, ga warin siminti a hancina. Tsoro ya rufe ni. In na tashi na yanke gaisuwa, na zama ɗan'uwan mai tabarau. In na zauna, ina ɓata wa mutum aikin da ya zuba wa ido tun safe. Na rasa wanda ya fi muni, sai na zaɓi wanda aka koya mini. Gwiwata ta hagu ta sauka ta lume, na kai tafin hannu in tokare, shi ma ya lume. Bakin babbar rigata yana shan siminti, ni kuma ina tambayar Alhaji ya ƙoƙari.

Daga wata taga na ji mata suna ƙunshe dariya, a cikinsu wata murya da na sani ta ce, "Innalillahi, na shiga uku."

"Yaro," in ji Alhaji, "ka gama?"

"Saura saƙon gaisuwar Kawu, Baba."

"Na amsa tun kafin ka isar. Don girman Allah kada ka ƙara motsi."

Yana turo mini katako da sandarsa sai ga shugaban maginan ya dawo yana sakace haƙori. Ya tsaya a bakin get ya ɗora hannu a ka.

"Alhaji! Wane ne wannan ya tsuguna mini a kan aiki?"

"Baƙo ne," in ji Alhaji. "Takanas ya taso daga Nguru."

Da maginin da wani lebura suka kama ni suka tumɓuke kamar rogo. Aka zaunar da ni a kan bulo, aka miƙo mini buta, na yi ta wanke ƙafa a gaban mutumin da na zo burgewa. Maginin yana ta mita cewa abin ya soma kamawa, ko ya shafe sai tabon ya fito. Alhaji kuwa bai tambaye ni aikina ba, bai tambayi asalina ba. Abin da kawai ya ce shi ne, "Ka gaida gida."

A tasha direba ya ƙi bari in zauna sai da ya shimfiɗa kwali. Kafin mu iso Nguru wandona ya sandare, tafin ƙafata yana zogi, daga baya har saɓa ya yi. Amma ba wannan ne ya dame ni ba, shirun ne. Kwanaki suka yi ta wucewa. Yagana ta ce Alhaji bai ce uffan ba, sai dai in ya dawo daga masallaci yakan tsaya a kan wurin ya daɗe yana kallo. Abinci ya daina shiga. A aji na rubuta darasin wani ajin a allo, sai da ɗalibai suka tuna mini.

Ina cikin wannan hali saƙo ya zo cewa a turo magabata. Kawu Sale ya jagorance su, ya dawo yana dariya har hularsa na faɗuwa. Ya ce ko zama Alhaji bai bari sun yi ba, sai da ya kai su tsakiyar filin. Ashe ya hana a gyara. Ga sawu a jere, ga ramin gwiwa, ga yatsu biyar raɗau.

"Kun ga nan?" in ji Alhaji. "Nan ɗanku ya durƙusa. Yana nutsewa yana tambayata ina gajiya. Wayo dai babu, wannan kowa ya shaida. Amma wanda bai gudu daga nan ba, ba na jin zai gudu ya bar mini 'ya ranar wuya. Na ba shi."

Har yau shaidar tana nan. Duk motar da ta shiga gidan sai ta yi ɗan tsalle a kan gwiwata, duk baƙon da ya tambayi dalili kuma Alhaji a shirye yake da bayani, ko ina wurin ko ba na nan. Ranar sallar da ta wuce na tarar da 'yata ta fari tana gwada tafin hannunta a cikin nawa, kakanta yana tsaye yana nuna mata da sanda.

Darasin da na koya bai da yawa. Sunkuyar da kai a gaban suruki ladabi ne, ba na musu. Amma tunda kan ya riga ya yi ƙasa, a daure a duba ƙasar.