Maratayin Da Ya Fi Mai Shi Tsawo

"Lafiya lau na kwana, Angona. Kai dai na ga an ƙara rage maka tsawo. Wa ke datse ka ba mu sani ba?"

"Ji mummunar amarya. Shigo da kayan wahalarki, kada ki fasa wa mutane ƙofa."

Kafinta ke nan, jikar tsohon, wadda ya laƙaba wa sunan tun tana ƙarama tana sace masa guduma, har sunan ya bi ta ya zama sana'a. Ta shigo a karkace, rungume da wani dogon katako mai ƙafafu huɗu a gicciye, samansa kuma ƙugiyoyi ne na itace, an goge su sumul.

Ɗakin kakan nata kuwa, in ka yi miƙa sai ka nemi gafarar bango. Gado, kujera ɗaya, akwatin ƙarfe, shi ke nan an rufe kasuwa. Mai gidan haya ya hana buga ƙusa a bango, don haka tufafin tsohon a ƙasa suke jibge. Kwanaki alkyabbarsa ta harɗe masa ƙafa, ya sha ƙasa, goshi ya kumbura. Baban Kafinta ya yanke hukunci cewa muddin kayan ba su bar ƙasa ba, za a kwashe su a mai da ɗakin shi baban, kullum a zaɓo wa tsoho abin da zai saka a miƙo masa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jan jirgin ƙasa, a ce sai an zaɓa masa riga kamar yaye? Tsoho ya ce sai dai bayan ransa. Wannan ne ya sa Kafinta ta ɗaura ɗamara.

Sai dai ranar da ta zo da tef za ta auna inda hannunsa ke kaiwa, tsoho ya tubure. Ya ce ba mace mai gwada shi sai mai ɗinkin likkafani. Ya buɗe akwati ya zaro tsohuwar kwat ɗinsa ta aiki ya wurga mata, wai ga tsawonsa nan, ta auna da ita. Ita kuwa ta bi kwat, ta ƙara kai da miƙon hannu, ta yanka katako.

Yanzu ta girke maratayin a lungun bayan ƙofa, ta girgiza shi ya ƙi motsi, ta kaɗe hannu.

"Ga shi nan, ko ƙusa ɗaya bai roƙi bango ba. Kawo tukuici."

"Tukuicin me? Wannan ai turken jaki ne aka yi wa ƙaho."

"To ai na san mai ɗakin da na yi wa."

"Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya. Ni da na yi zamani ina canza ƙwan lantarki ba tare da kujera ba."

"Gani ya kori ji. Ga alkyabba, rataya mu gani."

Tsoho ya miƙe da ƙyar, ya ajiye sanda don kada a raina shi, ya ɗauki alkyabbar. Ya ɗaga hannu, ƙugiya tana can sama tana kallonsa. Ya yi ɗage, gwiwa ta ce ba da ita ba. Ya wurga alkyabbar, ta sauko ta lulluɓe masa kai.

Dariya ta taso wa Kafinta har wuya, amma da ta ga yadda yake fama yana yaye rigar, sai ta haɗiye ta. Tausayi ya kama ta, ga kuma takun babanta tana ji a tsakar gida. In ya leƙo ya ga haka, magana ta ƙare. Ta sa ƙafa ta tura ƙofa. Ta kuma san halin mutuminta: in ta lallashe shi, ta kashe shi. Gara zagi.

"Ashe auren yaudara aka yi mini. An nuna mini kwat, aka kawo mini rabin miji."

"Ke ce ba ki iya awo ba. Kin yi wa raƙumin dawa maratayi."

"Awon da ka ba ni na bi. Ko kwat ɗin aro ce?"

"Aro? A cikinta kakarki ta gan ni ta ƙi cin abinci."

"Tsoro ne ya kama ta, baiwar Allah."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"Yau kam babban ne ke neman rimin da zai hau ya rataye riga."

Tsoho ya ɗaga kai. Ya dubi ƙugiyar, ya dubi hannunsa, sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya zauna a bakin gado yana dariya har da share ido.

"Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Kawo tef ɗin naki, mayya."

Ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu iya inda zai iya ba tare da fariya ba, ta sa fensir ta yi alama a jikin katakon. Ta ciro zarto daga jaka za ta datse saman, sai ya riƙe mata hannu. Ya ce ta sauko da ƙugiyoyin, amma ta bar masa guda ɗaya a can inda take.

Ba ta tambaye shi dalili ba. Ta huda sababbin ramuka, ta mai da ƙugiyoyin daidai kafaɗarsa, ta ƙara wata ƙasa-ƙasa don sanda. Shi da kansa ya kwashe kayansa ɗaya bayan ɗaya ya rataye, yana yi yana kushe aikin, har tabarmar ƙasa ta fito fili. Da babanta ya turo ƙofa, ya ga tsoho tsaye yana gyara zaman hularsa a ƙugiya, sai ya yi gaisuwa kawai ya juya.

Tsoho ya laluba ƙarƙashin gado ya jawo gudumar nan da ta sha duka a kanta tana yarinya, ya ɗora mata a cinya.

"Ga sadakinki. Daina sata."

Sannan ya miƙa mata tsohuwar kwat ɗin, ya nuna ƙugiyar sama da haɓa.

"Rataye wa saurayin da kakarki ta gani tasa. Shi hannunsa yana kaiwa."