Yadda Za Ka Rufa wa Firijinka Asiri a Gaban Suruka

Ran sallah ka cika baki a Kirikasamma, garin surukanka, ka ce ruwan firijinka na Haɗeja har haƙori yake riƙewa. Yanzu ga surukarka tafe, alhali rabon layinku da wuta tun kafin a yanke shinkafa. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin mutuncinka zai tsira.

1. Kwashe kayan ciki

Fitar da hulunanka, da takalman sallah, da garin tuwon da matarka Zulfa ke ɓoye wa ɓeraye. Firiji ne, ko da shi kansa ya manta. Goge shi, ka jona shi a bango inda kowa zai ga wayar.

2. Aro sanyi

Je gidan maƙwabcinka Ja'afar mai sola. Masana sun tabbatar gaisuwar mai sola ta fi ta mai unguwa tsawo. Tambayi iyali, tambayi gona, tambayi har akuyarsa mai tari, sannan ka ce, "Malam Ja'afar, ko ƙanƙara ɗaya ce." Zai ce, "Surukar taka ce za ta zo?" Haɗiye, ka karɓa.

3. Fake da kunya

Surukin kirki ba ya haɗa ido da suruka. Durƙusa daga bakin ƙofa, kai a ƙasa, don kada a tambaye ka abin da ya hana fanka juyawa. In ta ce, "Yau babu wutar ne?" bar Zulfa ta amsa, "Yanzun nan suka ɗauke, Inna." Ba ƙarya ba ce sosai. A layinku "yanzu" tana da faɗi.

4. Daure idan ta buɗe kwando

Nan gabanka zai faɗi. Kullum banda take kawo muku. Yau ɗanyen kifi ne, karfasa manya-manya, domin ta riga ta gaya wa matan garinsu surukinta ya wuce cin banda. Za ta ce, "Zuba a na'urar maigidan naki, ku ci a hankali." Kada ka yi tari. Tuna kana da uzuri a zaure.

5. Sa wa ƙwan zaure ido

Kunna makunni, ka zauna kana addu'a. Kafin la'asar ƙanƙarar Ja'afar ta koma ruwa, ƙudaje sun sami labari, kyanwar maƙwabta ma ta zo gaishe da baƙuwa. Ci gaba da kallon sama.

6. Karɓi wutar da ta samu

Zulfa za ta leƙo tana danne dariya, ta ce, "An kawo wuta." Ƙwan dai yana nan a mace, amma ga hayaƙi a tsakar gida. Inna ta zaro ragar cikin firijin, ta ɗora a kan murhu, ta jera kifinta tana fifita. Kunya za ta kama ka har wuya. Ita kuwa ba za ta dube ka ba, 'yarta za ta ce wa:

"Gaya wa maigidanki na'urar tasa ta yi kyau. Ban taɓa samun ragar banda irin wannan ba."

Gargaɗi

Babu ruwan mai wannan rubutu da ƙarnin kifi, ko labarin da zai riga Inna isa Kirikasamma. In ta nemi tafiya da ragar, miƙa mata da hannu biyu. Huluna ko a aljihun ƙasan firijin suna zama.