Limancina na Farko da na Ƙarshe

Ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da na yi limanci a Kasuwar Assihar. Lokacin ina neman auren Rabi, 'yar Alhaji Isufu mai shagon atamfa, kuma babban burina ya ɗauke ni mutumin kirki mai ƙwazo. Da rana ina aikin gini, da dare ina gadin wurin ginin. Kwana huɗu ban yi barcin kirki ba, shayi kawai nake ɗirka wa cikina, har ina alfahari da hakan.

Abokina Sanusi, wanda ya yi karatun jinya a Maraɗi, ya gargaɗe ni. Wai muddin mutum yana farke akwai sinadarin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa, barci ne ke share shi. Shayi rufe shi kawai yake yi. In ya yi yawa, ƙwayoyin jijiya sai su riƙa ɗaukewa kashi-kashi ko da ido na buɗe. Na ce masa wannan zancen ragwaye ne. (Ni fa a ganina ƙarfe ne.)

Ran nan na je gaida Alhaji, aka kira salla, limamin layin kuwa ya yi tafiya zuwa garin Tahifet. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗana, an ce ka yi karatu. Bismilla, shiga gaba."

Raka'a biyu lafiya lau. A ta uku na kai goshi kan tabarma, na ji wani sanyi mai daɗi. Iyakar abin da na sani ke nan.

Sauran labarin a bakin mutane na ji shi. Sun ce an yi ta "Subhanallah" har aka gaji, sai ga minshari daga wajen liman. Alhaji da kansa ya matso gaba ya ƙarasa musu sallar, ni ina kife kusa da ƙafarsa. Da na farka an sallame, 'yan kasuwa sai gyaran rawani suke yi don ɓoye dariya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na fara kame-kame, Alhaji ya ɗaga hannu. "Je ka sake alwala, ka yi sallarka, ka kwanta. Maganar Rabi sai ka farka."

A satin na bar gadi. An dai ba ni Rabi, amma har yau in aka ta da iƙama surukina kan waiwayo ya ce, "Malam, sahun baya ya fi iska." Ni kuwa na gane, ƙwaƙwalwa in ta tashi yin barcinta ba ta tambayar wa ke bin ka salla.